Shara, baraguzai ko tarkace: wane suna ya dace da abin da muka bari a samaniya?

Jama'a, ina so mu tsayar da suna guda ga abin da Turawa ke kira space debris, wato matattun taurarin ɗan'adam da gangunan rokoki da gutsattsarin ƙarfe da ke kewaya duniya ba su tsinana komai. Masu fassarar labarai kan ce sharar sararin samaniya, ni kuwa kalmar ba ta kwanta mini ba.

Shara abin da mai shi ya yar ne, wanda ya ga dama ya kwashe. Waɗannan kuwa da masu su, domin yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta bar wa kowace ƙasa iko da abin da ta harba ko da ya daina aiki, saboda haka wata ƙasa ba ta da hurumin taɓa shi sai da izini, kuma wannan na cikin abubuwan da ke kawo wa aikin kwashe su cikas, ban da tsadarsa. Sannan kalmar tana raina haɗarin, alhali abin da ke gudun kusan kilomita 28,000 a awa ba abin rainawa ba ne: ɓarɓashin fenti ma ya sha sarar gilashin kumbon Amurka har sai an sauya shi.

Wasu sun kawo kalmar baraguzai, kuma suna da hujja. Lokacin da Sin ta tarwatsa tauraronta Fengyun-1C da makami a 2007, gutsattsari fiye da 3,000 ya bari, haka ma karon taurarin ɗan'adam Iridium 33 da Kosmos 2251 a 2009 baraguzai ya haifar. Amma tauraron Vanguard 1, wanda Amurka ta harba a 1958, yana can cif yana zagaye, bai fashe ba, ya dai mutu.

Don haka na fi karkata ga tarkacen samaniya. Tarkace ya haɗa lafiyayye da fasasshe, yana da mai shi, kuma taruwa yake yi har ya tare hanya, wanda shi ne abin da Donald Kessler na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya yi gargaɗi a kai tun 1978, cewa karo zai riƙa haifar da wani karon. Baraguzai sai mu keɓe ta ga gutsattsarin da karo ko fashewa suka bari.