An gayyace ni yoga don tara wa dabbobi kuɗi, in je?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kula da tsofaffi a Leeds, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga mutum daga gado zuwa kujera ya san abin da aikin ke yi wa baya. Ciwon ƙugu ya sa ni gaba, in na yi ruku'u ɗagowa sai da dabara. Wata Baturiya abokiyar aikina ta gayyace ni zaman yoga ranar Asabar a ɗakin taron unguwarsu, mata zalla, kowa fam 10. Kuɗin za a kai wa wani gidan da ke riƙon dabbobin da aka yasar: karnuka, kyanwoyi, har da jakuna biyu. Ina son zuwa saboda bayana, amma abu biyu sun tsaya min a rai. Na ji ana cewa yoga bautar Hindu ce. Sannan ga dangi a gida suna fama da tsadar abinci, ni kuma in ɗauki kuɗi in kai wa kare?

Anti Hajo:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ihsan, Allah ya ƙara sauƙi. Gashin ƙashi ne aikina, don haka ɓangaren baya zan taɓa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a nan Ingila, a ƙa'idojinta na 2016 kan ciwon ƙasan baya, ta sa motsa jiki cikin rukuni a sahun gaba na magani. Ƙungiyar likitoci ta ACP a Amurka ma ta ambaci yoga da sunanta a 2017 ga masu ciwon da ya daɗe. Ba wani sirri a ciki. Jijiyoyin bayan cinya da na ƙugu ne ke sakewa, naman ciki da ke tallafe baya ya yi ƙarfi, numfashi a hankali kuma ya rage ɗaurewar jiki. Amma zama ɗaya ba ya warkar da kowa, sai an ɗore.

Ki gaya wa mai koyarwar matsalarki tun kafin a fara. Akwai motsin da ake durƙusawa a kan hannu da gwiwa, a gantsare baya sannan a ƙudundune shi, wannan ya dace da ke. Wanda ake sunkuyawa a kamo yatsun ƙafa da ƙarfi, ki bar shi tukuna. In kuwa ciwon na sauka har ƙafa, ko kina jin ƙafar na mutuwa, likita za ki fara gani.

Malam na Bradford:
'Yar uwa, tsoronki yana kan hanya. Asalin yoga daga Indiya ne, kuma akwai ibada a cikinta. Shi ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008, malaman Indonesiya kuma a 2009 suka hana wadda ake haɗawa da wuridi da ambaton ababen bauta, suka ƙyale ta motsa jiki zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ki tambayi mai koyarwar kai tsaye: ana rera “om”, kalmar ibadar Hindu? Ana yin gaisuwar rana, wadda suke kira surya namaskar? Ni wannan ta biyun ba na son Musulmi ya yi ta ko da ba da niyyar bauta ba. In miƙe jiki ne da numfashi kawai, ban ga laifi ba.

Batun kuɗi kuwa, ki kwantar da hankalinki. A Bukhari akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa, Allah ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Sadaka ce. Zakka ce dai ba ta zuwa can, don masu karɓarta kashi 8 ne, duk mutane. Dangi su ne gaba, kada ki rage musu ko kobo, amma fam 10 ɗin nan ba ɓarna ba ce.

Baba Ɗan Maigatari:
'Yata, da na ga kin ambaci jakuna sai na kasa yin shiru. A bakin kasuwar dabbobi ta Maigatari na tashi. Jaki ne ya ɗebo mana ruwa, shi ya kai taki gona, shi ya kawo damin gero gida. Na sha ganin jaki da gyambo a gadon baya, ƙudaje sun rufe, an ɗora masa mangala a kan ciwon an bi shi da sanda. Ba mai ko waiwaye. Daga baya aka shigo da cinikin fatarsa, ana kai wa Sin a dafa a yi wani magani da suke kira ejiao, har jaki ya fi ƙarfin talakan da ke bukatarsa. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Ƙungiyoyin da suka yi ta matsa lamba a kan haka, irin su Donkey Sanctuary mai kula da jakuna a Devon ta Ingila tun 1969, da gudummawar jama'a suke aiki, irin wannan ta fam goma-goma. Matar da jakinta ya tsira a ƙauye, ita ma ta amfana. Ki je, Allah ya yi miki albarka.

Ummi Zee:
Anti, ki tambaya ko za a shigo da dabbobin cikin ɗakin. Yanzu ana yayin yoga da 'yan kwikwiyo, kuma wasu masu shiryawa kasuwa kawai suke ci, ana kawo jariran karnuka da ba su isa yaye ba, a yini ana jagwalgwala su cikin zafi. Italiya ta hana wannan a 2024. In da karnuka a wurin, ga kuma batun tsarkin tufafi. Sannan ki nemi lambar rajistar gidan dabbobin ki duba a shafin Charity Commission, hukumar da ke yi wa ƙungiyoyin agaji rajista, minti biyu ya ishe ki.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai koyarwar ɗazu. Ta ce ba rera komai, dabbobin kuma suna can gidansu, hotunansu kawai za a manna a bango. Gaisuwar rana tana cikin tsarin, amma ta ce in an zo wurin in yi nawa miƙe bayan a gefe. Lambar rajistar ma ta turo, na duba, tana nan. Anti Hajo, tabarmar robar nan da ake yin yoga a kai dole sai na saya, ko bargo mai kauri zai yi?