Abin da fadarmu ta ce kan dawo da tsofaffin katun

Daren jiya a fadarmu ta Sabon Gari, nan Maraɗi, shayi ya kai zagaye na uku muna gardamar dawo da katun ɗin da muka kalla muna yara.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: kar a cika surutu. Tom and Jerry, da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙira a 1940, kusan ba magana ciki, shi ya sa tsohuwar da ba ta jin Faransanci take ƙyalƙyala dariya idan kasko ya sauka a kan kyanwar. Minti bakwai, an gama. A bar shi haka.

Wani malamin makaranta ya kawo misalin Animaniacs, na 1993 da aka farfaɗo a 2020, inda aka dawo da masu muryar manyan taurarin na asali. Ni ma na goyi baya, murya ce kunne ke fara ganewa.

Cusa waya da intanet cikin labari kuwa, nan aka rabu biyu.

Babbanmu ya ce iyaye su riƙa fara kallo kafin su miƙa wa ƴaƴa, don wasu daga cikin sababbin katun ɗin, manya aka yi wa.