Metal ɗin RX-8 ya cinye, wanne zan saka?

Nura: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya muka sauke injin motata Mazda RX-8, ƙirar 2005. Metal ɗin gaba, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye har jan ƙarfe ya leƙo. Na zaga Ƙofar Ruwa, duk wanda na miƙa wa sai ya jujjuya shi ya ce, "Na wace mota ne?"

Oga Sani: Wa alaikumus salam. Ai dole, tunda injin ba shi da fistin, rota biyu ne masu kusurwa uku. Metal huɗu gare shi. Biyu suna cikin giyar da ba ta juyawa, gaba da baya, su ke riƙe shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar injin, biyu kuma a cikin rota. Kowanne zobe ne guda, ba rabi-rabi irin na Corolla ba, kuma da injin matsi ake zura shi. Kada yaro ya kusance shi da guduma.

Abba: Yaya Nura, sa na tsere kawai, mai zurfin kwari. Ya fi riƙe mai.

Oga Sani: Abba, a Titin Gidan Zu zai yi tseren? Wancan an yi shi ne don injin da ke wuni kusa da juyi 9,000 a minti. Ya fi sakewa, sai da famfon mai mai ƙarfi. Nura, nemi gangariyar Mazda. Amma kafin ka biya ko sisi a auna wuyan shaf da maikuromita, wato ma'aunin kauri, don metal ɗin kauri-kauri ne, awon ne zai nuna naka. In shaf ya yi zane ko ya lanƙwashe, sabon metal ma asara ne.

Alhaji Bala: Ni na taɓa gudun tsada na sayi marar suna a intanet. Wata biyu, muna juye baƙin mai sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Sau biyu na biya kuɗin aiki.

Nura: Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. To me ya cinye nawa?

Oga Sani: Yaushe rabonka da duba mai? Injin nan da gangan yake shan baƙin mai, akwai ɗan famfon da ke ɗiga shi ciki saboda silin bakin rota. Ga zafin Afrilu, ga cunkoson Kantin Kwari.

Nura: Oga, a bar tone-tone.

Oga Sani: Na gane. Kawo shaf ɗin gobe bayan azahar, ka haɗo da rota biyun.