Musayar Baitoci: Mama Kumasi Ta Kwanta Dama

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Jiya bayan La'asar muka kai Mama Kumasi makwancinta, tsohuwar nas ɗin ɗakin haihuwar nan da duk Tudun Wadar Zariya ta sani. Ta haura shekara tamanin. Ga wanda bai san ta ba, haifaffiyar ƙasar Gana ce, ta biyo mijinta, Bazazzagi mai fataucin goro, lokacin da gwamnatin firaministan Gana, Busia, ta kori baƙi a ƙarshen 1969. Na aza harsashi da ƙwar biyu, amsa-amo "ya". Wanda ya san ta ya ɗora.

Da sunan Rabbu zan buɗe baiti,
Mai ba da rai, Mai karɓar ajiya.

Salati ga Manzo, sannan in juyo,
In yi kukan uwa da ta bar duniya.

Kumasi aka yanke cibinta can,
Ƙasa ta kira ta ta kwan Zariya.

Busia ya ce baƙi su tattara,
Mako biyu kacal su kama hanya.

Mijinta na cikin waɗanda aka kora,
Ya bar rumfar goro, ya bar dukiya.

Iyaye suka ce, "Ke 'yar gida ce,
Zauna, ki bar shi ya je shi ɗaya."

Ta ƙulle takardar jinya a zane,
Ta hau bayan lori da goyo a baya.

Ta sauka garin da ba ta da kowa,
Hausarta ta zango, yara na dariya.

'Yar Ƙofar Doka:

Allahu Akbar. Malam, ka fama mini ciwo. A hannunta na haifi ɗan farina.

Ka faɗi zuwanta, ni zan faɗi aiki,
Don na ga hannunta ran da na sha wuya.

Farar riga, farar hula, ba ɗigon datti,
Agogo maƙale a saitin zuciya.

Ta kafa ɗan ƙahon nan bisa cikina,
Ta sa kunne, ta ce a bar hayaniya.

Ta ƙirga bugun ɗa, ido na kan agogo,
Ta ɗago ta ce, "Yana nan lafiya."

Can tsakar dare aka ɗauke wuta,
Ta ce da mai shara, "Riƙe fitila, tsaya."

Ina cije leɓe don kar a ji ni,
Ta ce, "Yi kukanki, nan ba a jin kunya."

Da ya faɗo shiru, bai ko motsa ba,
Ta tsotse majina, ta murza masa baya.

Kukan da ya tsala har bakin ƙofa,
Yau ga shi da gemu, da mata, da 'ya'ya.

Direban Kwangila:

Allah ya jiƙan Mama da rahama. Amma Hajiya, ku bar ni in faɗi nawa, don Mama fa akwai faɗa.

Kuna ta yabo kun manta da bakinta,
Ni na ɗanɗana shi, ba na ƙarya.

Kwana biyu matata tana kan gwiwa,
Tsofaffi na cewa a ƙara juriya.

Da ta fara jijjiga sai na ɗauko ta,
A bayan a-kori-kura muka kama hanya.

Mama ta dube ni sama da ƙasa,
Ta ce, "Kai ne mijin? Malam, ka ji kunya!

Da injin motarka ne ya yi ƙara,
Da tuni kana gareji tun jiya."

Gaban mutane ta wanke ni tas,
Ta tura ni ba da jini, ba tambaya.

Na fita ina huci, na ce ba ni komowa,
Ciki na biyu, ni ke kai ta awo da safiya.

Malamin Kongo:

Direba, faɗan nan da dalilinsa. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Tudun Wada, tun kafin a koma Shika a 2005, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979. Sun tarar mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Irin su Mama ne ke tarbar su a ƙofa, dare da rana. Ku gafarce ni, zan sauya zubi zuwa ƙwar huɗu.

Farfesa ya ƙirga ya sa a takarda,
Masana suka duba, kowa ya yarda,
Masu kwana a tsaye su ne shaida,
Amma ba a san sunansu ba a duniya.

Yarinya ƙarama, ƙugu bai isa ba,
Kan ɗa ya tokare, hanya ba ta buɗe ba,
Mafitsara ta huje, miji bai tsaya ba,
Mama ke wanke ta, tana ce mata "ɗiya".

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna,
Wuya ya sandare, ga zafin rana,
Gadaje sun cika, a ƙasa ake kwana,
Har can aka ja ta, ta taya su jinya.

Jikar Ungozoma, Babban Dodo:

Malam ya kawo na littafi, bari in kawo na cikin ganuwa. Kakata ungozoma ce, kuma ita da Mama sun daɗe ba sa ga-maciji a kan kunun kanwa. Likitocin Zariya sun jima da lura cewa ciwon zuciyar da ke kama masu jego a nan yana da alaƙa da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gadon wuta. Je ka gaya wa Kaka haka ka ji.

Kakata ita ke yanke cibi a birni,
Da jin sunan Mama sai ta juya baya.

"Baƙuwar Gwanja za ta koya mana jego?
Mu da muka gada tun Amina sarauniya?"

Mama ta ce, "Inna, wanka ban hana ba,
Kanwar ce ku rage a cikin tukunya.

Gishiri ne, yana tara ruwa a jiki,
Ƙafa ta kumbura, ya danne zuciya.

Ga gadon ƙasa kun hura wuta ƙarƙashi,
Mai jego na haki, kuna cewa lafiya."

Shekara da shekaru ana ja-in-ja,
Kowacce ta kafe, ba mai rage murya.

Ran da autar Kaka ta kumbura suntum,
Kaka da kanta ta je, ta aje fariya.

Tun daga nan in naƙuda ta wuce yini,
Sai ta ce, "Maza Tudun Wada, kar a tsaya."

Kanwa dai ba ta bari ba har ta rasu,
Ta dai rage ta, kar in yi mata ƙarya.

Autar Mama:

Iyayena da yayyena, na gode, Allah ya ba da lada. Kun san Mama ta asibiti, ga Mama ta gida.

Baba ya rasu ina bisa goyo,
Ya bar mu mu biyar, ba gona ba saniya.

Wata huɗu da kwana goma ta yi takaba,
Ta fito ta ɗau hula ta koma jinya.

Dangin Baba suka ce a rarraba mu,
Ta ce, "Ku sa albarka, ni zan iya."

Manema sun zo, har da mai mota,
Ta ce aurenta yanzu shi ne tarbiyya.

Ta kwan a asibiti, da hantsi ta dawo,
Ta naɗe dokunu, ga kifi ta soya.

Cinikin ne littafi, shi ne takalmi,
Shi ne kuɗin makarantar da ta biya.

A 1983 aka ce baƙi su fice,
Zamanin Shagari, gari ya ɗau hatsaniya.

Kawu da ke koyarwa ya ɗaure jakarsa,
Ya ce, "Yaya, taho mu bar Najeriya."

Ta nuna mu, ta nuna hanyar maƙabarta,
Ta ce, "Nawa na nan, na gama tafiya."

Ta raka shi tasha ba ta yi kuka ba,
Sai da dare na ji ta, ta toshe murya.

Da tsufa ya zo layin fansho ya ci ƙafarta,
Yau tantancewa, gobe a ce ba a biya.

Ko da ta yi ritaya ƙofarmu a buɗe,
Mai ɗa na gudawa nan take tambaya.

"Ruwa kwalbar lemo biyu, sukari ƙwaya biyar,
Gishiri ƙaramin cokali, shafe, guda ɗaya."

Addu'ar uku jibi ne da safe, a gida. Don Allah duk wanda ke bin Mama bashi ya zo ya faɗa mana, mu sauke mata.

Direban Kwangila:

Auta, ba mai bin Mama. Ita ke bin mu.

Ran da ta wanke ni aljihuna wayam,
Maganin jijjigar ita ce ta saya.

Na kai mata kuɗin, ta ture hannuna,
Ta ce, "Ajiye, kuɗin bokon yarinya."

Na yi yadda ta ce, yarinya ta yi karatu,
Amma har yau ina jin nauyin kaya.

Jibi motata ta masu zuwa addu'a ce,
Daga Kwangila kyauta, kar wanda ya biya.