Motar da ke cire hula: wane suna za mu ba rufinta?

Jama'a, ku agaza min da kalma. Ƙanena dillalin motoci ne a Bauchi Road nan Jos. Wata Fijo 206 CC ta shigo hannunsa, ya ce in rubuta masa tallar rediyo da Hausa. Rubutu na tafiya sumul, ina isowa kan rufin sai na cije.

Sunan motar bai wahalar da ni ba. 'Yan jarida kan ce "buɗaɗɗiyar mota" in gwamna zai duba fareti, to amma a-kori-kura ma ai a buɗe take. Yaran layinmu ne suka raba gardama. Da suka ga rufin ya ɗaga yana shigewa but, sai ihu: "Ta cire hula!" Shi ke nan, mota mai cire hula.

Hular ce iri biyu. Akwai ta yadi mai kauri da aka ɗame a kan ƙarafa, akwai kuma ta ƙarfe, wadda ke rabuwa gida biyu ko uku, ta ninke ta kwanta a but. Da farko na rubuta "hular yadi" da "hular kwano", har ina yaba wa kaina. Sai wata baiwar Allah ta ce, "Malam, hular kwano ai ta masu babur ce." Gaskiyarta, na janye.

A kan ta yadin, wani ya kawo tamfol. A'a. Tamfol na tirelar dankali ce daga Bokkos, ɗaure ta ake yi da igiya, ba wanda zai fidda miliyoyi ya sayi motar da aka ce rufinta tamfol ne. Rumfa kuwa ba ta motsi. Ni laima ta kwanta min: yadi ne a kan haƙarƙarin ƙarfe, a baza ta in hadari ya taso, a naɗe in ya wuce. Yadda wannan rufin ke aiki ke nan, tun zamanin keken doki da ake kira "cabriolet", wanda Faransawa suka aro wa irin wannan motar suna daga gare shi. Rufin laima.

Na ƙarfen ne ya ja mu dogon zance. "Rufin kwano" gida yake kawo wa mutum a rai. Wani dattijo ya ce kunkuru, tunda yana janyewa ya ɓuya. Ya burge ni, sai dai mai sauraro zai zaci motar ba ta gudu.

Jiya na leƙa Farin Gada wajen makanikena na tambaye shi. Bai ma ɗago daga ƙarƙashin mota ba ya ce, "Yallaɓai, mu mai ninkewa muke ce masa, kuma ba ma son ganinsa." Dalilinsa: famfon mai ne da wayoyi da 'yan na'urori ke ɗaga shi, in ƙurar hunturu ta cika gaɓoɓin ko roba ta bushe, sai ya tsaya a rabin hanya, ba a buɗe ba, ba a rufe ba. Amma ya yarda ranar da aka yi ruwan ƙanƙara irin na Jos, ko ɓarawo ya zo da reza, mai laima ne zai kwana da fargaba.

Af, kada a ɗauka rufin ƙarfen sabon abu ne. Wani likitan haƙori Bafaranshe, Georges Paulin, shi ya ƙirƙiro irin wanda na'ura ke ɗagawa, Fijo ta sa a motocinta tun wajen 1935. Ford ta gwada a Amurka daga 1957 zuwa 1959, Marsandi SLK ta farfaɗo da shi a 1996. Yanzu kuma BMW da Marsandi sun koma yadi a sababbin motocinsu, saboda ƙarfen na da nauyi, yana kuma cinye but.

Don haka na rubuta: rufin laima, da rufin ƙarfe mai ninkewa, a taƙaice mai ninki. Na karanta wa ƙanen nawa, ya ce duk ya ji, amma a tallar kada in kuskura in ambaci but, don in rufin ya shiga ko buhun dankali ɗaya ba zai samu wuri ba.