Baitocin arba'in ɗin Malam

Ɗan Gawon Nama: Salamu alaikum jama'a, yau kwana arba'in da rasuwar hedimastanmu na makarantar makafi wanda ya koya min burel, rubutun makafi na ɗigo-ɗigo, tun ina shekara tara, shi ne na ce bari in buɗe da baiti, amsa-amo "wa" ne wanda ya iya ya ɗora. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, waya ka karanta min.

Allah jiƙan Malam uban marayu,
Da yat tahi inda babu dawowa.
Ɗigo shidda yad damƙa ma yatsuna,
Yac ce karatu ya koma taɓawa.
Daga dama muka huda da tsinke,
A juya takarda, hagu aka farawa.

Hajiyar Mabera: Amin ɗana. Ni ban iya waƙa ba amma don Malam sai na gwada.

Ɗiyata nik kai mai tana kuka,
Kakarta na cewa bara ad dacewa.
Yac ce Hajiya aje kwanon ga gida,
Ba ni shekara guda ki ga canzawa.
Da hutu taz zo tana karatu da dare,
Wuta ta ɗauke, ita ba ta tsayawa.

Wallahi ranar mu masu ido mu muka koma lalube, ita tana dariya.

Ticha Runjin Sambo: Hajiya kin ce ba ki iya ba kin kuwa kashe mu. Mun yi aiki tare, kullum 4 ga Janairu, ranar haihuwar Louis Braille, sai ya tara yara ya ba su labarin ga, bai gajiya.

Louis Braille yaron Faransa,
Tsinken ubanai yas soke mai ido tun yana tasowa.
1824 yana da sha biyar,
Yah haɗa ɗigon da muka morewa.
Gindiri 1953 aka buɗe ta makafi,
Nan ƙasar ga tag ga somawa.

Ɗan Gawon Nama: Ticha ma'ana ta fito, amma layinka na biyu ya fi sandata tsawo.

Ticha Runjin Sambo: To lissafi nika koyarwa ba karin waƙa ba, a yi min afuwa.

Ta Ƙofar Marke: Ku kun manta kunnen Malam ne? Ni dai latti ya haɗa mu, in cire silifas in riƙa a hannu don kar ya ji, banza.

Na saɓa takalmi ina sanɗa,
Bakin ofis nika son wucewa.
Sai naj ji sunana da na ubana,
"Yau ma ruwa kika tsaya ɗebowa?"
Bulala guda bai taɓa yi min ba,
Shafi biyar yab ba ni hudawa.

Har yau akwai kanta a yatsana.

Hajiyar Mabera: Wai ina keken bugun burel ɗin nan nasa na Perkins mai ƙara, yana ofis ko iyalai sun ɗauka?

Ticha Runjin Sambo: Yana nan Hajiya, maɓalli ɗaya ya maƙale tun damina, muna neman mai gyara.