Sababbin finafinan kaka: wanne zan fara kalla, kuma me ya sa wasu ba sa daɗewa a silima?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan silimar da ke kusa da mu ya fitar da jerin finafinan da za su shigo daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma sun yi yawa, aljihu ba zai ɗauke su duka ba. Akwai manya da ake ta tallarsu, akwai na ban tsoro, akwai kuma wasu ƙanana da aka rubuta sun ci kyauta a bikin finafinai. Wanne ya kamata mutum ya fara da shi? Me ya sa wani fim ke ɓacewa bayan mako guda, wani kuma ya yi wata biyu? Sannan kuɗin da ake ƙarawa a kan 3D (wanda ake kallo da tabarau na musamman) ko IMAX (zaure mai ƙaton allo), ya cancanta kuwa?

Ɗan_Majigi:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara da ƙananan. Manyan za su jira ka, su kuwa waɗancan ba za su jira ba.

Dalili yana cikin yadda ake tsara mako. A yawancin ƙasashe makon silima yana farawa ran Juma'a ya ƙare ran Alhamis, ko da yake a Faransa Laraba ce, a Jamus kuma Alhamis. Ran Litinin mai tsara jadawali yakan zauna da lissafin tikitin da aka sayar daga Juma'a zuwa Lahadi, ya yanke wanda zai ci gaba da wanda za a sauke. Kwana ukun nan su ne alƙalin fim. Idan kujeru suka kwana babu kowa, mako na biyu sai ka ga an mayar da shi ƙaramin zaure, an bar masa nuni ɗaya da rana tsaka lokacin da kowa ke wurin aiki, daga nan sai ya fita.

Manyan finafinai suna da kariyar da ƙananan ba su da ita. Kamfanin da ke rarraba su yakan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa sai an nuna fim ɗin makonni kaza, wani lokaci ma a babban zaure shi kaɗai. Silima mai zaure huɗu idan manya biyu suka shigo mako ɗaya, ka ga saura zaure biyu ke nan ga kowa da kowa.

Saboda haka kada ka dogara da jerin wata ukun nan, ranakun da ke ciki suna motsawa. Jadawalin da za ka riƙe shi ne na mako-mako, wanda ke fitowa ran Talata ko Laraba. Fim ɗin da ka ga nuninsa ya ragu daga huɗu a rana zuwa ɗaya, makonsa na ƙarshe ne, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Malama_Mai_Nazari:

Abin da Malam Ɗan_Majigi ya faɗa haka yake. Zan ƙara da dalilin cunkoson wannan lokaci, don yana taimakawa wajen zaɓe.

Bikin finafinai na Benis a Italiya yana farawa ƙarshen Agusta, na Toronto a Kanada kuma cikin Satumba. Finafinan da suka yi suna a can su ne ake fitarwa daga Oktoba zuwa Disamba, saboda a yawancin rukunonin kyautar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, dole fim ɗin mai nema ya yi aƙalla kwana 7 a jere a silima a Amurka kafin shekara ta ƙare. Irin waɗannan ba a sakinsu ko'ina lokaci guda. Ana farawa da 'yan silimu kaɗan a manyan birane, idan suka karɓu a faɗaɗa. Shi ya sa za ka ga ana ta yabon fim a intanet amma bai iso gare ka ba sai bayan makonni, ko ma kada ya iso. Na ban tsoro kuwa ana tara su a Oktoba ne saboda bikin Halowin na ranar 31 ga wata, manyan finafinan Indiya sukan nufi bikin Diwali na 'yan Hindu, na iyali kuma ƙarshen Nuwamba.

Inda na ɗan bambanta da shi: idan babban fim ne da labarinsa ke da sirri, ka gan shi da wuri kafin a tona maka a Facebook.

Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Na farko alamar shekaru, musamman in da yara za ka je. A tsarin Amurka PG-13 gargaɗi ne kawai ga iyaye, R kuwa ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. A na Birtaniya 12A yaro ɗan ƙasa da 12 yana shiga tare da babba, amma 15 da 18 wanda bai kai waɗannan shekarun ba babu shiga ko da wa ya zo. Kowace ƙasa da hukumar tacewarta, kuma hukuncinta ne ke aiki a ƙofa. Kada tallar fim ta ruɗe ka, sau da yawa an tsabtace ta fiye da fim ɗin kansa. Na biyu harshe: fim ɗaya kan zo da muryarsa ta asali da fassara a ƙasan allo, ya kuma zo da wanda aka ɗora wa wata murya, kowanne da lokacinsa.

Mai_Gyaran_Sauti:

Bari in ɗauki maganar 3D da IMAX, Malam.

Matsalar 3D haske ce. Ma'aunin da aka tsayar wa allon silima a nunin da aka saba shi ne kandela 48 (ma'aunin ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita. Tabarau da matacin hasken da ake sawa gaban majigi don 3D suna cinye fiye da rabin wannan. Idan majigin mai kwan zenon ne kuma kwan ya tsufa, hoton sai ya yi duhu, ido ya gaji, wasu har ciwon kai. Finafinan kaka da yawa dama masu duhu ne, musamman na ban tsoro, don haka a ganina asarar kuɗi ce sai in majigin na lesa ne. Ka tambaya a wurin sayen tikiti, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma sakacin da ke faruwa: a gama nunin 3D a manta matacin a gaban majigi, a nuna fim na yau da kullum ta cikinsa. In ka ga fari ya koma toka-toka tun daga tallace-tallace, ka fita ka faɗa wa ma'aikaci kafin fim ya fara.

IMAX kuma ya danganta da fim ɗin. Yawancin manyan finafinai faɗinsu 2.39 ne a kan tsayi 1. Allon zauren IMAX na dijital galibi 1.90 ne, 'yan kaɗan ne a duniya ke da dogon allon nan na 1.43. In an ɗauki fim ɗin don IMAX, za ka ga ƙarin hoto sama da ƙasa wanda sauran zauruka ba sa nunawa, kuɗinka bai tafi a banza ba. In ba haka ba, girman allo da ƙarfin sauti kawai ka saya. Fim ɗin da hira ce ta fi yawa a cikinsa, ƙaramin zaure ya ishe shi. Baƙin layi sama da ƙasan allo kuma ba lalacewa ba ce, fim mai faɗin 2.39 ne aka ɗora a allon 1.85.

Kujera: tsakiya, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zaure daga allo. A nan ake ajiye makirufo lokacin daidaita lasifikoki, a nan magana ke fita sarai.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: me ke sa a soke nuni a ranar farko a ce matsalar na'ura ce, alhali sauran zauruka suna aiki?

Ɗan_Majigi:

Galibi makulli ne, Malam. Fim yana zuwa ne a matsayin fayil da ake kira DCP, mai nauyin gigabayit 100 zuwa 300, a kan faifan ajiya ko ta intanet, kuma a kulle yake. Mai rarrabawa yana aiko da ɗan ƙaramin makulli daban, KDM, wanda ke buɗe fim ɗin a na'ura ɗaya tak, daga sa'a kaza zuwa sa'a kaza. Idan aka canza wa fim zaure, ko aka sauya na'urar zauren ba a sanar ba, ko aka yi kuskuren bambancin agogo tsakanin ƙasashe, makullin ba zai buɗe ba, kuma babu wanda ke cikin ginin da zai iya yi masa dabara. Sai an nemi sabo. Ga shi manyan kamfanoni ba sa barin makulli ya fara aiki sai dab da nunin farko saboda tsoron satar fasaha, ka ga babu isasshen lokacin gwaji. Wani lokacin kuma fayil ɗin ne ya iso a makare, loda shi a na'ura kan ci awa ɗaya ko fiye.

Nunin farko na ranar farko shi ne ya fi fuskantar wannan. Ka ɗauki na yamma ko na Asabar, lokacin an riga an ga yana tafiya. In kuma aka soke bayan ka biya, ka riƙe tikitinka ko saƙon da aka turo maka a waya, da shi za a mayar maka da kuɗi ko a sauya maka lokaci.